Haƙurin Baƙo: Hausawan Salaga, Yendi da Bawku a Lokutan Tashin Hankali

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ba ya daɗewa a aji kafin ya ci karo da kalmar haƙuri. Da ita ake neman gafara idan an taka wa mutum ƙafa, da ita ake yi wa wanda ya yi rashi ta'aziyya, da ita ake sallamar almajiri idan babu abin ba shi, da ita kuma ake raba faɗa. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya sanya haƙuri cikin ɗabi'un da Bahaushe ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da kunya da sauransu. Sai dai jin kalma a aji daban, ganin yadda ta yi aiki a rayuwar jama'a daban.

Wannan takarda za ta dubi Hausawan da suka zauna a garuruwa uku na arewacin Gana, wato Salaga da Yendi da Bawku. Garuruwan nan duk suna kan tsohuwar hanyar fataken goro, kuma kowannensu ya ga yaƙin sarauta wanda ba na Hausawa ba ne, amma ya ci dukiyarsu, wani lokaci har da rayukansu. Abin tambaya shi ne: da me baƙo yake kwantar da hankalinsa a ƙasar da ba shi da gona, ba shi da sarauta, ba shi kuma da ta cewa idan masu gari suka zare takobi?

2.0 Hanyar Gwanja

Gwanja shi ne sunan da Hausawa suka ba ƙasar Gonja, kuma sunan ya daɗe a bakinsu, domin littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Abin mamaki shi ne goro ba ya fita a Gwanja. A kurmin Tonawa, wato Asante, yake fita. Amma sarakunan Kumasi, musamman daga farkon ƙarni na 19, ba sa barin fataken arewa su shiga kurmi su saya da kansu. Sai suka mayar da Salaga mahaɗa: Batone ya kawo goro, Bahaushe ya kawo kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi, a yi ciniki, kowa ya juya.

Tsakanin Kano da Salaga akwai tazarar da ta wuce kilomita 1,000, kuma zuwa da dawowa kan ci mafi yawan shekara. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba yana duba hanya. Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama cikin ƙasar Bargu a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai 1,000. Wata hanyar takan bi ta Sansanin Mango ta faɗo Yendi, wata kuma ta bi ta ƙasar Gurma da ta Mosawa ta sauko ta wajen Bawku da Gambaga. A kowane mashigi akwai kuɗin fito ko gaisuwar sarki, a daji kuma akwai 'yan fashi. Shi kansa goro kaya ne mai shagwaɓa. Dole a riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana sake ganye, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba ƙwaya guda ta ɓata ƙwarya. Wanda ya yi wata uku yana wannan hidima a bayan jaki ba ya bukatar a karanta masa babin haƙuri.

Inda ayari ya sauka shi ne zango, kuma daga nan ne kalmar ta zama sunan unguwar baƙi a duk faɗin Gana, inda ake furta ta zongo. A zango ne aka gina tsarin da ya riƙe baƙo. Maigida yakan sauki falke, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya karɓi la'ada. Malami yakan rubuta wasiƙa da shaidar ciniki, ya yi addu'ar tafiya, ya raba gādo idan falke ya mutu a hanya. Sarkin zango kuma shi ne bakin baƙi a gaban masu ƙasa. Duk wannan a kan amana yake tafiya, domin babu kotun da za ta bi bashi daga Salaga zuwa Katsina.

Akwai wani ɓangare da bai kamata a tsallake ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma fataken Hausa sun saya sun sayar, sun kuma ɗora wa bayi kayan goro. Yawancin bayin daga ƙauyukan arewa aka kamo su, musamman ƙasar Gurunsi a shekarun da mayaƙan Zabarmawa suka addabe ta. Duk abin da za a faɗa game da haƙurin falke, akwai waɗanda aka ɗaure a gindin kuka a kasuwar nan, waɗanda babu wanda ya rubuta nasu.

3.0 Faɗuwar Salaga

A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso arewa, Gwanjawa suka yi wa Tonawa tawaye, aka kashe da yawa daga cikin waɗanda ke Salaga. Ga Gwanjawa wannan 'yanci ne, amma ga kasuwa sara ne a gindi, domin Tonawa sun karkata goronsu zuwa Kintampo. Salaga ta ci gaba da ci da sunanta na dā, ana cinikin bayi da gishiri da shanu, har Turawa irin su Binger na Faransa da von François na Jamus suka ziyarce ta a 1888. A shekarar ce kuma Ingila da Jamus suka amince su bar yankin Salaga da Yendi a matsayin ƙasar da babu mai taɓawa cikinsu, har sai sun daidaita.

Salaga ba ta da sarkin kanta mai cikakken iko. Tana ƙarƙashin Kpembe ne, wani ɗan gari da ke kusa da ita, kuma sarautar Kpembe tana zagayawa tsakanin gidaje uku: Lepo da Singbung da Kanyase. Mutanen Kanyase suka ga an daɗe ana tsallake su. A ƙarshen 1892 Kabachewura Isifa ya nemo taimakon Dagwambawa da Nanumbawa, ya auka wa Kpembewura Napo na gidan Lepo, ya ci shi. Mayaƙan da aka gayyato ba su tsaya a fada ba, sai da suka wawashe Salaga, suka cinna mata wuta. J. A. Braimah da Jack Goody sun tattara labaran yaƙin a littafinsu na 1967, ciki har da waɗanda malaman garin suka rubuta da Larabci da Hausa.

Abin da baƙi suka yi bayan wannan shi ne ya fi jan hankali. Ba su ɗauki makami don ƙwato garin ba, ba su kuma koma Hausa gaba ɗaya ba. Sun watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, wasu har bakin teku, kowa ya bi inda yake da maigida ko suruki ko abokin karatu. Cikin 'yan shekaru Kete ta zama sabuwar Salaga. A birnin Ankara, kamar yadda Hausawan can ke kiran Accra, har yau akwai kasuwar da ake kira Salaga. Wannan ya nuna cewa dukiyar falke ta haƙiƙa ba a cikin soro take ba. Soro ya ƙone, amma wanda aka san shi da biyan bashi a Salaga an ba shi kaya a Kete ba tare da ya ajiye ko wuri ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ana nufin ba ya daɗewa. A nan maganar ta samu wata fuska: rashin saiwa a ƙasa shi ya sa tsigewar ba ta kashe su ba.

3.1 Alhaji Umaru

Babu wanda rayuwarsa ta tattara wannan zamani kamar Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga ko Imam Imoru. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, mahaifinsa kuma falken goro ne. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, yana bin ayari yana komawa, har ya zauna a Salaga ya buɗe makaranta. Yaƙin 1892 ya same shi a can. Daga bisani ya koma Kete-Krachi, inda ya zama limami a ƙarƙashin mulkin Jamus.

A lissafa abin da mutumin nan ya gani. Garin da ya zaɓa ya zauna ya ƙone. Ƙasar da ya koma ta faɗa hannun Jamusawa. A 1903 Kano da Sakkwato, inda ya fito, suka faɗa hannun Ingilishi. Ya tafi aikin hajji gab da Yaƙin Duniya na Farko, kafin ya dawo Jamusawan sun tafi, Ingilishi sun maye gurbinsu. Sannan annobar mura ta 1918 zuwa 1919 ta biyo baya. Kusan kowace ɗaya daga cikin waɗannan masifu sai da ya zauna ya rubuta ta. Yana da waƙar Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan kan abin da ya sami Salaga, yana da waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara inda ya jero garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya, yana da waƙa kan annobar, yana kuma da doguwar waƙar Hausa kan talauci da wadata.

Wanda ya karanta waɗannan ba zai ce marubucinsu mutum ne mai sanyin rai da ya miƙa wuya ba. Akwai zafi a cikinsu, akwai zambo, akwai baƙin ciki wanda bai ɓoye ba. Amma kuma wannan malamin da ya yi kuka da zuwan Nasara shi ne ya zauna da Bajamushe Gottlob Adolf Krause, wanda ake kira Malam Musa a Salaga, ya kuma zauna shekaru da Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Krachi, yana rubuta masa tarihi da al'adun ƙasar Hausa da ajami. Mischlich ya fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1906. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru su ne Douglas Ferguson ya fassara a kundin digirinsa na 1973, Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso kuma ya shafe shekaru yana tace su. Wasu za su kira zamansa da Turawa sassauci, wasu su kira shi dabara. Abin da ya tabbata shi ne makarantarsa ba ta rufe ba, almajiransa kuma sun bazu cikin zangunan ƙasar sun zama limamai da malamai. Ya rasu a 1934. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa ruwan tafkin Bolta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Salaga ba ta sake komawa yadda take ba, kuma ba yaƙin kaɗai ya jawo haka ba. An fara ɗaukar goro a jirgin ruwa daga bakin teku zuwa Ikko, da layin dogo ya isa Kano a 1911 kuwa sai jaki ya rasa aiki a wannan hanya. Fatake suka bi goro inda ya koma.

4.0 Yendi

Zaman Hausawa a Yendi ya bambanta da na Salaga. A nan sun shiga jikin fada. Tun zamanin Na Zangina, wajen farkon ƙarni na 18, malamai baƙi, Wangarawa da Hausawa, suka samu muƙamai a masarautar Dagbon, zuriyarsu kuma ta narke ta zama Dagwambawa. Ɗalibin harshe zai ga sawunsu a Dagbanci, inda labari ya zama lahabali, gafara ta zama gaafara, lafiya kuma alaafee. Su ma Dagwambawa suna da tasu kalmar ta haƙuri, suglo, kuma suna girmama ta ƙwarai, saboda haka kada a ɗauka baƙo ne ya kawo musu ɗabi'ar.

A ranar 4 ga Disamba 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagbon a Adibo, suka wuce suka ƙone Yendi. Yarjejeniyar 1899 ta raba yankin biyu, Salaga ta faɗa wa Ingila, Yendi ta faɗa wa Jamus, hanyar da ayari ke bi a 'yan kwanaki ta zama mai iyaka da kuɗin kwastan a tsakiya. Haka aka zauna har 1914. A Yendi ne kuma Babatu, jagoran Zabarmawa, ya ƙare rayuwarsa a 1907 bayan Turawa sun tarwatsa rundunarsa.

Rikicin da ya fi daɗewa shi ne na gidajen sarauta biyu, Abudu da Andani. A watan Satumban 1969 jami'an tsaro suka buɗe wuta a fadar Yendi, mutane fiye da 20 suka mutu. A 1994 yaƙi ya ɓarke tsakanin Konkombawa da Nanumbawa da Dagwambawa da Gwanjawa, wanda aka ce ya faro daga gardamar cinikin zabo a kasuwar Nakpayili. An ƙiyasta mutum 2,000 ne suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, kuma wutar ta shafi yankin Yendi da na Salaga duka. Sannan a ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na II a fadarsa tare da mutanensa da dama. Ba a binne shi ba sai 2006, ba a kuma naɗa sabon Ya Na ba sai Janairun 2019. Shekara 17 ke nan babbar masarauta tana zaune babu sarki. A irin wannan gari, inda gaisuwar da mutum ya kai wani gida kan iya zama shaida a kansa, ɗan zango ba shi da kariyar da ta wuce a san shi da cewa yana sayar wa kowa, yana kuma zuwa jana'izar kowa. Amma wannan ba ya samuwa ga wanda auratayya ta riga ta ɗaure shi da ɗaya daga cikin gidajen, kuma bayan shekaru 200 na zama tare irin waɗannan ba kaɗan ba ne.

5.0 Shekarar 1969

Jarrabawar da ta taɓa zango kai tsaye daga gwamnati ta zo. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya samu ko ya fita. A 1970 wata doka ta biyo baya wadda ta keɓe ƙananan sana'o'in kasuwa ga 'yan ƙasa. Dubban mutane suka kwashe kaya zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Volta ta Sama. Daga cikinsu akwai waɗanda kakanninsu aka haifa a Salaga, ba su taɓa ganin Kano ba, Hausarsu ma ta sauya ta zama abin da masana ke kira Gananci, inda ɓ da ɗ da ƙ suka koma b da d da k, bambancin jinsin namiji da mace kuma ya ɓace a nahawu.

Dabarar 1892, wato a tashi a koma zango na gaba, ta yi aiki ne lokacin da babu fasfo. Yanzu tashi yana nufin barin ƙasar haihuwa. Waɗanda suka zauna sun koyi wani sabon abu: neman takarda, sanya yara a makarantar boko, shiga jam'iyya, da kiran kansu 'yan Gana ba tare da jin nauyi ba. Enid Schildkrout ta bi diddigin wannan sauyi a zangon Kumasi a littafinta na 1978. Duniya kuwa rawar 'yan mata ce: a 1983 Nijeriya ta kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kusan miliyan 1.

6.0 Bawku

Bawku tana kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da ta Togo, kuma kasuwa ce ta haifi girmanta: shanu da albasa da goro da kayan ƙetare. Kusasawa da Mamprusawa da Mosawa da Bisawa da Hausawa duk suna cikinta, Hausa kuma na cikin harsunan da suke haɗuwa a kai wajen ciniki.

Rikicinta kan sarautar Bawku ne tsakanin Kusasawa, waɗanda ke cewa su ne masu ƙasa, da Mamprusawa, waɗanda ke cewa daga Nalerigu ake naɗa sarkin garin tun kafin Turawa. Abin da ya hana ciwon warkewa shi ne yadda gwamnatoci suka riƙa juya hukunci. A 1958 gwamnatin Nkrumah ta amince da Abugrago Azoka na Kusasawa. Sojojin da suka kifar da ita a 1966 suka mayar wa Mamprusawa. A 1983 gwamnatin Rawlings ta sake mayar wa Kusasawa, a 2003 kuma maganar ta je Kotun Ƙoli, sarautar ta tsaya a hannunsu. An zubar da jini a 2000 da 2001, da kuma daga ƙarshen 2007 zuwa 2008, faɗa ya sake tashi a ƙarshen 2021. A lokuta daban-daban hukuma ta sa dokar hana fita, ta hana maza hawa babur, har ta hana sanya riga irin ta gargajiyar arewa don gudun ɓoye bindiga a cikinta.

Ga ɗan kasuwa, dokar hana fita tana nufin albasa ta ruɓe a buhu, motar Kumasi ta ƙi shigowa, wanda ake bi bashi ya yi ƙaura. Mafi muni, gari yakan rabu, kowane ɓangare da inda yake sayayya da hanyar da yake bi, wanda ba ya cikin faɗan kuma dole ya san unguwar da zai taka da harshen da zai yi gaisuwa da shi. A nan tsohon matsayin baƙo ya samu wani amfani. Da aka kafa kwamitin sulhu na ƙabilun Bawku a 2009, ba Kusasawa da Mamprusawa kaɗai aka zaunar ba, an sa wakilan Mosawa da Bisawa da Dagwambawa da Hausawa, saboda wanda ba ya neman kujerar yana iya shiga gidajen biyu. Kwamitin ya sha tsayawa yana tashi, bai kuma hana faɗan 2021 ba, don haka kada a kambama abin da ya iya.

Daga ƙarshe maganar ta koma Kumasi. Otumfuo Osei Tutu na II, wanda ya jagoranci manyan sarakuna uku da suka sasanta Abudu da Andani, shi ne ya zauna da ɓangarorin Bawku a fadar Manhyia a 2025. Magajin kujerar da faɗuwarta a 1874 ta fara kashe kasuwar Salaga ke nan.